Kuɗin lasisin kamun kifi a Amurka: wa ke biya, wa ke amfana?

Alhaji Sani Yawuri, Merilan
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganata ta masu zuwa kamun kifi ce, amma kowa na iya sa baki. Tun 1 ga Yunin 2025 jihar Merilan ta ƙara kuɗin lasisin kamun kifi na ruwan daɗi. Na ɗan jiha, wanda yake dala 20 da santi 50 a shekara, ya koma dala 32. Hatimin da ake saya daban kafin a kama wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut ya tashi daga dala 5 zuwa dala 20. Wanda ke son duka biyun, abin da zai biya ya ninka ke nan. Ni ɗan masunta ne, a bakin Kwara na tashi, kuma har yau abin na yi mini nauyi a ce sai na biya gwamnati kafin in jefa fatsa a ruwan da Allah ya saukar. Na haƙura da wannan, ƙasar mutane ce, dokarsu ce. To ƙarin nan fa? Harajin albashi muna biya, na gida muna biya, na sayayya muna biya. Ina kuɗin suke tafiya da har sai an sake tatsar mai ƙugiya? Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni.

Nura, Siyatil
Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ba ku kaɗai ba ne. Mu nan jihar Washintan kashi 38 cikin ɗari aka ƙara a kan lasisin su da na farauta tun watan Yulin 2025. A lokaci guda fa, ba a hankali ba. Ga hayar gida, ga man mota, ga wannan.

Maman Ilham, Miniyapolis
Mu a Minesota dala 25 ne na ɗan jiha, yara 'yan ƙasa da shekara 16 kuma ba sa buƙatar lasisi. Amma mu ma kusan duk zaman majalisa sai an tayar da zancen ƙari.

Kabiru Akanta, Hustan
A Teksas dala 30 ne na ruwan daɗi. Ku gode wa Allah ba a Kalifoniya kuke ba, can ya haura dala 60, kuma duk shekara yana motsawa saboda an ɗaure shi da tsadar kaya.

Dakta Hadiza, Mishigan
Salamu alaikum. Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarku ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan maganar, don haka daga nan zan fara. Harajin albashi da na gida da kuka lissafa, a jihohi da yawa kusan babu abin da ke isa hukumar kifi da namun daji daga cikinsu. Hukumar kifi da jiragen ruwa ta Pensilbaniya, alal misali, ba ta rayuwa da kason baitulmalin jiha. Abin da masunta da masu jiragen ruwa suka biya, da abin da tarayya ta turo, da su take aiki. Wasu jihohin sukan ɗan ba da wani abu, amma kaɗan ne idan aka kwatanta da makarantu ko hanyoyi ko asibitoci.

Rijiyoyin kuɗin hukumomin nan biyu ne manya. Ta farko lasisin da kuke saya. Ta biyu harajin tarayya da ke ɓoye a cikin kuɗin kayan aiki. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji: kashi 11 cikin ɗari a kan doguwar bindiga da harsashi, daga baya aka haɗa da kashi 10 na ƙaramar bindiga da kuma harajin kwari da baka. A 1950 aka yi wa kifi irin tasa, dokar Dingell-Johnson, kashi 10 a kan galibin kayan su: sanda, abin naɗe zare, ƙugiya, kifin roba na yaudara. A 1984 aka ƙara da wani kaso na harajin man da jiragen ruwa masu inji ke sha. Mai ƙera kayan ko mai shigo da su shi ke biya, shi ya sa ba ku ganinsa a rasiɗi, amma yana cikin farashin. Kason kifi da ake raba wa jihohi yakan kai wajen dala miliyan 400 a shekara, na namun daji kuwa wajen biliyan ɗaya.

Ga inda lasisin ya shigo. Wajen raba kuɗin kifi, kashi 60 ana duba yawan mutanen da suka sayi lasisi a jihar ne, kashi 40 kuma girman ƙasa da ruwanta. Sannan ba kyauta ake miƙawa ba: a kowane aiki tarayya na biyan har kashi 75, jiha ta kawo 25, kuma wannan 25 ɗin daga kuɗin lasisi yake fitowa galibi. Dala ɗaya taku tana iya janyo dala uku daga gwamnatin tarayya. Idan jiha ta kasa kawo nata kason, kuɗin ba ya jiranta har abada, yakan kuɓuce mata.

Alhaji Sani Yawuri, Merilan
Na gode Dakta, na ƙaru. Amma ai wannan bayanin inda kuɗin ke fitowa ne. Me ya kawo ƙarin?

Kabiru Akanta, Hustan
Alhaji, bari in amsa wannan, lissafi ne. Rabon da Merilan ta taɓa wannan kuɗin tun 2007. Idan ka ɗauki dala 20 da santi 50 ta 2007 ka auna ta da tsadar kaya zuwa 2025, kusan dala 32 take zama. Wato abin da kuɗin ke iya saya bai ƙaru ba, an dai mayar da shi inda yake shekara 18 baya. Malam Nura, naku ma haka: tun 2011 ba a ƙara ba, kuma tsadar kaya tsakanin 2011 da 2025 ta ɗara kashi 38. Pensilbaniya ta zauna a kan dala 21 daga 2005 har zuwa 2023. A duk tsawon lokacin albashin ma'aikata ya hau, abincin kifi ya hau, man mota da lantarkin wuraren ƙyanƙyasa sun hau. A galibin jihohi majalisa ce ke da ikon ƙarin, kuma babu ɗan majalisar da ke son a ce shi ya ƙara wa masu farauta kuɗi ana dab da zaɓe. Sai a yi ta ɗagewa har tura ta kai bango, sannan a sauke wa mutane nauyin shekara goma sha a rana ɗaya. Ni ba na goyon bayan kowane ƙarin haraji, kun san ni, amma hatimin tirawut kaɗai nake ganin ya wuce lissafin tsadar kaya.

Dakta Hadiza, Mishigan
Shi ma hatimin yana da dalili, Malam Kabiru. Tirawut ɗin da ake kamawa a rafuka da tafkunan kusa da birane, mafi yawansu ba a can aka haife su ba. A wuraren ƙyanƙyasa ake renonsu fiye da shekara, a ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, sannan a loda su a manyan motoci masu tanki a zuba a rafi. Da zafi ya shigo ruwan ba ya riƙe su, baɗi sai an sake zubawa. Kifi ne mai tsada, kuma yawancin wuraren renon tsofaffin gine-gine ne masu neman gyara. An ware hatimin ne don wanda ke kamun tarwaɗa kawai kada ya biya wa mai tirawut.

Baba Audu, Biranks
Salamu alaikum. 'Ya'yana, na karanta duka, lissafinku daidai ne, amma akwai wanda ba ku sa a lissafin ba. Ku kuna maganar mai fita su don ya huta. Akwai wanda kifin nan cefanen gidansa ne. Ku je bakin ruwa da asuba ku ga su wane ne a tsaye: tsofaffin baƙar fata, mutanen Amurka ta Kudu, 'yan Asiya, mu 'yan Afirka. Bokiti suke zuwa da shi, ba kyamara ba. Mai jirgin dala dubu hamsin da mai bokitin nan kuɗi ɗaya ake karɓa a hannunsu. Ƙarin kusan dala goma sha biyu ba komai ba ne a wurin na farko, amma wa na biyu ya tambaya? Kuma idan ya kasa saya ba daina zuwa zai yi ba, zai je ne a ɓoye, in aka kama shi tarar ta ninka kuɗin lasisin sau da yawa, a wasu jihohin har a ƙwace kayansa. Wannan shi ke damuna.

Maman Ilham, Miniyapolis
Gaskiya ne Baba. A nan 'yan ƙabilar Mong da suka zo daga Lawos bayan yaƙi suna cikin masu yawan zuwa su, kuma iyali guda ne ke fita, kaka da jikoki. Abin da na sani ya rage zafi shi ne ɗan Minesota na iya kamun kifi daga gaɓa a galibin wuraren shaƙatawa na jiha ba tare da lasisi ba, in dai ba ruwan tirawut ba ne.

Kabiru Akanta, Hustan
Teksas ma haka, cikin wuraren shaƙatawa na jiha ba a neman lasisi, kuɗin shiga kawai. A Kalifoniya kuma gadojin su na gwamnati da ke bakin teku kyauta ne. Baba, ku a Niyok ai na teku rajista ce kawai, ba a biyan komai tun 2011.

Baba Audu, Biranks
Haka ne ɗana, na teku kyauta ne, na ruwan daɗi dala 25. Amma wa ya gaya wa talakan? A intanet aka rubuta, da Turanci.

Nura, Siyatil
To me ya hana a ba masu ƙaramin ƙarfi lasisin kyauta kawai a huta?

Dakta Hadiza, Mishigan
Tambaya mai kyau, ƙanena. Lasisin da aka bayar kyauta ba ya shiga ƙidayar da tarayya ke raba kuɗi da ita, sai wanda jiha ta samu wani abu a kansa. Shi ya sa za ka ga jihohi na karɓar ɗan abu kaɗan a hannun tsofaffi maimakon su yafe gaba ɗaya. Rangwame ya fi kyauta amfani ga hukumar: talaka ya biya dala biyar, sunansa ya shiga ƙidaya, kuɗin tarayya ya biyo baya. Ni ina ganin duk jihar da za ta yi ƙari ya kamata ta haɗa shi da rangwame ga masu karɓar tallafin abinci. A nan ina tare da Baba ɗari bisa ɗari.

Amma ina so in kai ku inda ainihin ciwon yake, domin tsadar kaya rabin labarin ce. An gina tsarin nan ne a lokacin da aikin hukumomin bai wuce dabbar da ake harbi da kifin da ake kamawa ba. Kuma ya yi aiki, kada a raina shi. A farkon ƙarni na 20 farautar kasuwa ta kusa share ƙasar. Wata irin kurciya da garkenta ke rufe rana ta ƙare ƙaf, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914. Barewa mai farar wutsiya ta ragu zuwa 'yan dubban ɗaruruwa, yau ana maganar wajen miliyan 30. Talotalon daji da agwagin ruwa duk da kuɗin maharba aka dawo da su.

Yau fa? Hukumar nan guda ita ake kira idan beyar ta shiga unguwa. Ita ke bin cutar da ke cinye ƙwaƙwalwar barewa. Ita ke tsayawa a mashigar tafki tana duba jiragen ruwa saboda wata ƙaramar ƙumbar ruwa mai ratsi-ratsi da ta shigo Manyan Tafkunan arewacin Amurka cikin jiragen dakon kaya a ƙarshen shekarun 1980, tana toshe bututun ruwa tana cinye abincin 'ya'yan kifi. Ita ke fama da kifin kaf na Asiya da ya cika kogin Misisipi da na Ilinoi yana neman shiga tafkin Mishigan. Sannan ga jemagu, kwaɗi, kunkuru, malam-buɗe-littafi, tsuntsaye. Jihohi da kansu sun lissafa nau'in halittu sama da 12,000 da ke buƙatar kulawar gaggawa, kuma mafi yawansu ba wanda ke farautarsu ko kama su, balle ya sayi lasisi a kansu. Aiki ya zama na kowa, masu biya kuwa suna nan yadda suke. Maharba ma raguwa suka yi idan aka auna da yawan jama'a, tun ganiyarsu a farkon shekarun 1980.

Alhaji Sani Yawuri, Merilan
Yawwa! Ashe dai ƙorafina yana da tushe, wurin da na ɗora shi ne bai dace ba sosai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai kallon tsuntsaye ya zo da madubinsa, mai tuƙa kwalekwale ya sauka a mashigar da kuɗinmu ya gina, mai ɗaukar hoto ya ɗauka, duk ba wanda ya tambaye su ko sisi. Su nawa ne ma?

Dakta Hadiza, Mishigan
Ƙidayar da hukumar kifi da namun daji ta tarayya ta fitar ta 2022 ta nuna masunta kusan miliyan 40, maharba sama da miliyan 14, masu kallon namun daji kuwa miliyan 148, duk da cewa wannan adadin ya haɗa da masu kallo daga ƙofar gidansu. An taɓa yunƙurin sa ɗan haraji a kan kayansu a shekarun 1990, irin su jakar goyo, tanti, madubin hangen nesa, abincin tsuntsaye. Masu sayar da kayan suka yi tsaye a kai, suka ce harajin shigo da kaya da suke biya ya riga ya yi yawa. Maganar ta mutu. Sai kuma ƙudurin farfaɗo da namun dajin Amurka, wanda zai ba jihohi dala biliyan 1.3 duk shekara. Majalisar wakilai ta amince da shi a watan Yunin 2022, amma bai tsallake majalisar dattawa ba, saboda an kasa daidaitawa a kan inda kuɗin zai fito.

Malam Bashir, Sen Luwis
Salamu alaikum. Na jira ne a zo nan, domin mu a Mizuri an daɗe da warware wannan. A 1976 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'a suka sa a tsarin mulkin jiha cewa za a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na kashi ɗaya bisa ɗari a harajin sayayya, a ba hukumar kula da daji da kifi kai tsaye. A sauƙaƙe: ka yi sayayyar dala 8, santi ɗaya nasu ne. Ka yi ta dala 800, dala ɗaya. Ba wanda ke jin zafinsa, amma shi ke kawo fiye da rabin kuɗin hukumar. Sakamakon kuwa ina ganinsa da idona. Cibiyoyin koyar da yara sanin daji kyauta ne, mujallar hukumar kyauta ake aiko wa ɗan jiha, lasisin su kuma shekara da shekaru yana dala 12, sai a 2024 ya koma 13. Jihar Akansas ta bi sahu a 1996, ita ta raba nata tsakanin hukumar kifi da wuraren shaƙatawa da kayan tarihi. Tunda kowa ke shan ruwan, kowa ke shaƙar iskar, kowa ya biya. Ni ban ga abin gardama a nan ba.

Kabiru Akanta, Hustan
Akwai abin gardama, Malam Bashir, har guda biyu. Na farko, ka koma kan maganar Baba Audu. Harajin sayayya talaka ya fi ji, domin shi duk abin da ya samu kashewa yake yi, mai kuɗi kuwa yana ajiyewa. Matar da ke goge-goge a otal, wadda ba ta taɓa taka bakin tafki ba, ka sa ta biya wa mai jirgin ruwa mashiga. Lasisi ko ba komai zaɓi ne, in ba ka so ba ka saya. Na biyu, kuɗin da ke shigowa da kansa ba tare da an je gaban majalisa an yi bayani ba, wa ke tsare shi? Naku na Mizuri ba shi da ranar ƙarewa. Na Minesota na 2008 ya fi mini, don an ce shekara 25 ne, a 2034 sai an sake tambayar jama'a.

Malam Bashir, Sen Luwis
Santi ɗaya a dala takwas ne fa, Malam Kabiru. Matar da ka ambata in ta kashe dala dubu goma a kayan da ake sa wa haraji, dala 12 da rabi ta biya a shekara, kuma 'ya'yanta ne makarantarsu ke kaiwa cibiyoyin nan kyauta. Batun majalisa kuma, ai da gangan aka nisanta kuɗin daga hannunsu. Tun 1936 mutanen Mizuri suka cire hukumar daga hannun 'yan siyasa saboda sun ga yadda ake raba muƙamanta a matsayin ladan zaɓe. Kifi da daji aikin shekara talatin ne, ba na zango ɗaya ba.

Kabiru Akanta, Hustan
Ban gamsu ba. Duk hukumar da ba ta tsoron a rage mata kuɗi, wata rana za ta daina sauraro.

Maman Ilham, Miniyapolis
Ku bari in gyara wani abu game da namu. Harajin 2008 kashi uku cikin takwas ne na kashi ɗaya bisa ɗari a kan sayayya, an raba shi huɗu: daji da namunsa, tsabtar ruwa, wuraren shaƙatawa, da al'adu. Amma dokar ta ce ƙari ne a kan abin da ake da shi, ba madadi ba. Ana sayen fili da shi, ana gyara fadama, amma albashin jami'in da ke sintiri da kuɗin renon kifi har yanzu a kan lasisi suka fi dogara. Shi ya sa duk da harajin, zancen ƙarin lasisi bai mutu ba a wurinmu. Maƙwabtanmu na Ayowa kuwa sun kaɗa ƙuri'a a 2010 sun kafa asusun, amma an ɗaure shi da ƙarin harajin sayayya da majalisa ba ta yi ba, asusun ya zauna wayam.

Nura, Siyatil
Ni wani abu ne ya tsaya mini tun ɗazu. Anti Hadiza, kin ce harajin bindiga ya fi na kayan su yawa nesa ba kusa ba. Amma yawancin masu sayen bindiga a ƙasar nan ai ba maharba ba ne. Ke nan duk lokacin da tsoro ya kama mutane suka ruga sayen bindiga, kuɗin namun daji ƙaruwa yake yi?

Dakta Hadiza, Mishigan
Haka yake, kuma abin yana damun mutane da yawa a cikin aikin. Bayan cinikin bindigogi na 2020 da 2021 kason jihohi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, daga baya ya sauko. Ba a iya tsara aikin shekaru a kan kuɗin da ke bin fargabar jama'a. Kuma a 2022 wani ɗan majalisa daga Jojiya, Andrew Clyde, ya kawo ƙudurin soke harajin bindigar gaba ɗaya. Waɗanda suka fi kowa yaƙarsa su ne ƙungiyoyin maharba da kansu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a cika faɗa a fili ba. Alhaji, kun ce a sa masu kallon tsuntsaye su biya. Da yawa daga cikin maharba da masunta ba sa son hakan, ko da kuɗinsu zai ragu. Dalili? Wanda ya biya shi ake saurare. Shekara tamanin da wani abu su ne ke cika kujerun kwamitocin da ke yanke lokacin farauta da adadin kifin da za a ɗauka. Ranar da kowa ya fara biya, wanda ba ya son a harbi beyar ko a ɗana tarko zai ce shi ma a ba shi kujera. Malam Nura shaida ne, a jiharsu kwamitin ya dakatar da farautar beyar ta bazara, kuma har yau ana ta cece-kuce a kan su wa ya kamata su zauna a kwamitin. Ni dai ra'ayina a buɗe ƙofar. Namun daji a dokar ƙasar nan amana ce a hannun jiha domin dukkan jama'a, ba na mai fili ba, ba na mai lasisi ba. Ba daidai ba ne a ce amanar kowa ce amma kaso kaɗan na mutane ke ɗaukar nauyinta, kuma ba daidai ba ne su kaɗai ke da murya a kanta.

Alhaji Sani Yawuri, Merilan
Dakta, a nan kam na rabu da ke kaɗan. Su biya, na yarda. Amma wanda bai taɓa kwana a bakin ruwa ba ya zo ya tsara mini yadda zan yi su? A gida ma ba haka ake yi ba. Sarkin Ruwa daga cikin masunta yake fitowa. Shi ke cewa an rufe wannan gurbi sai lokaci kaza, kuma ana bi, don an san ya san ruwan. Dubi Matan Fada a Argungu, ai don ana hana taɓa wurin ne ake samun giwan ruwan da ake fitarwa ranar gasa. A tafkin Kainji da aka zo hana jan dala, wato babbar komar da ake ja zuwa gaɓa, a shekarun 1990, saboda tana kwashe 'ya'yan kifi, sai da aka bi ta hannun sarakunan ruwa da masu unguwanni kafin maganar ta shiga kunnen mutane.

Baba Audu, Biranks
Alhaji, maganarka gaskiya ce, amma ka duba kwamitocin nan da kyau. Mai bokiti yana ciki? Masuntan da ke zaune a can masu jirage ne da masu gasa. Kai da ni ba mu da kujera tun yanzu, tun kafin mai kallon tsuntsu ya zo.

Malam Bashir, Sen Luwis
A Mizuri shekara kusan hamsin ke nan kowa na biya, kuma ba a hana kowa farauta ko su ba. Tsoron ya fi abin yawa.

Kabiru Akanta, Hustan
Abu ɗaya da zan yaba wa tsarin lasisi, ko da an kawo wani, kada a taɓa shi: sharaɗin da ke cikin dokokin 1937 da 1950 cewa duk jihar da ke son kuɗin tarayya sai ta yi dokar hana karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki. Gwamna ba zai iya ɗiba ya cike giɓin kasafi ba, in ya yi jihar ta rasa kasonta har sai ta mayar. Ana kuma bin diddigin littattafansu lokaci-lokaci. Kuɗin da na biya na san a ruwa zai ƙare. Harajin sayayya in ba a tsarin mulki aka rubuta shi ba, ba shi da wannan katangar.

Nura, Siyatil
To mu da ba mu da ƙuri'a tukuna, muna da ta cewa?

Dakta Hadiza, Mishigan
Kuna da ita. Kafin hukuma ta sauya kuɗi ko ƙa'ida takan buɗe lokacin jin ra'ayin jama'a, a rubuce ko a zaman kwamiti, kuma ba a tambayar fasfo. Mazaunin jiha ne kai, mai lasisi ne kai, ya isa. In za ku rubuta, abubuwa uku nake ba da shawarar a nema: a riƙa ƙarin kaɗan-kaɗan daidai da tsadar kaya maimakon a tara, a yi rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, a kuma fassara ƙa'idojin su zuwa harsunan mutanen da ke bakin ruwan. Na ukun ba sai an je majalisa ba, hukumar da kanta na iya yi.

Maman Ilham, Miniyapolis
A nan ana fitar da littafin ƙa'idojin da harshen Mong da Sifaniyanci da na Somaliya. Baba Audu, in kun turo mini na Niyok, ni da Yaya Bashir za mu zauna mu juya muhimman wuraren zuwa Hausa: wane ruwa ke buƙatar lasisi, wane kifi ake mayarwa, wane ne aka ce kada mai ciki da yara su ci saboda gubar da ke jikinsa.

Baba Audu, Biranks
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Jikana zai turo miki da daddare. Ku fara da na kogin Hudson, don can mutanenmu suka fi zuwa, kuma can ne gargaɗin cin kifin ya fi tsanani.